Mahbub Khan, Baƙon Da Ya Gina Gidan Fim A Bombai

Da wuya a sami ɗan Arewa mai furfura a Agege ko Idi-Araba, ko a unguwar Sabo ta Ibadan da ta Shagamu, wanda bai taɓa kallon Mother India ba, ko kuwa bai ji labarinsa a bakin waɗanda suka kalla ba. Ko daga Kano mutum ya fito, ko daga Sakkwato, ko daga Awe, in aka ambaci matar nan da ta saɓa garma a kafaɗa ta ja, daga bisani ta harbe ɗan cikinta, ya san wadda ake nufi. 'Yan wasan da suka fito a ciki an san fuskokinsu. Amma mutumin da ya nemo kuɗi, ya tara ma'aikata, ya gina wurin aikin, ya kuma ɗauki nauyin asara in ta zo, ba kowa ya san sunansa ba. Sunansa Mahbub Khan, kuma shi ma barin garinsu ya yi ya tafi neman abinci a babban birnin bakin teku.

An haife shi ran 9 ga Satumba 1907 a Bilimora, wani ƙaramin gari a ƙasar Gujarat, yammacin Indiya. A zamanin nan garin yana cikin masarautar Baroda, ɗaya daga cikin masarautun da Turawan Ingila suka bar wa sarakunansu suna mulki a ƙarƙashinsu, kamar dai yadda aka yi da sarakunan Arewa. Gidansu gidan Musulmi ne marasa dukiya, bai kuwa yi nisa a makarantar boko ba. Yana saurayi ya shiga Bombai, birnin da tun 1995 ake kira Mumbai, ba shi da sana'a a hannu, ba shi da takardar shaida.

A lokacin nan sana'ar fim a Indiya ba ta daɗe da tashi ba. Cikin 1913 ne Dadasaheb Phalke ya fitar da Raja Harishchandra, wanda ake ƙirgawa shi ne cikakken fim na farko da ɗan ƙasar ya shirya. Finafinan duk bebaye ne, watau hoto ne kawai ke motsi, sai a sa makaɗa a gaban allo suna kiɗa. Mahbub ya yi ta sintiri a ƙofar kamfanin Imperial na Ardeshir Irani har aka ɗauke shi cikin 'yan cika wuri, waɗanda ake tarawa in ana son a nuna kasuwa ko rundunar yaƙi. Aikinsa na farko, cikin 1927, shi ne fitowa a matsayin ɗaya daga cikin ɓarayi arba'in a fim ɗin Ali Baba. Wanda ya san tatsuniyar ya san cewa a cikin tuluna ɓarayin suke ƙarewa, saboda haka ba wani suna ya samu a nan ba.

Shekara da shekaru ya yi yana wannan ƙaramin aiki, amma idonsa na kan abin da manya ke yi. Ya lura da yadda ake kafa fitilu, da inda ake girka kyamara, da yadda ake yanka fim a haɗa. Yana nan Imperial ta fitar da Alam Ara cikin Maris 1931, fim na farko mai magana a Indiya, da waƙoƙi bakwai a cikinsa. Daga nan waƙa ta zama gishirin fim ɗin Indiya, kuma kamfanonin da suka kasa sayen na'urar ɗaukar murya suka mutu. Mahbub ya koma Sagar Movietone, wani kamfani da ya tsiro daga jikin Imperial, ya ci gaba da fitowa a ƙananan wurare, yana kuma rubuta labari yana roƙon a ba shi dama.

An ba shi cikin 1935. Fim ɗin sunansa Al Hilal, labarin yaƙi tsakanin Rumawa da Larabawa, da dawakai da takubba da taron jama'a, irin manyan finafinan da Cecil B. DeMille ke yi a Amurka. Ya karɓu, ya kawo kuɗi. Mai ɗaukar hotonsa wani saurayi ne, Faredun Irani, wanda daga nan suka zama kamar zobe da yatsa har ƙarshen rayuwar Mahbub. Bayan wannan ya yi wa Sagar finafinai a jere, cikinsu har da Manmohan a 1936, da Jagirdar a 1937, da Watan a 1938.

Ya kamata mai karatu ya san yadda gidajen fim na wancan zamani suke, domin a nan ne labarin Mahbub ya ɗauki ma'ana. Gidan fim, ko situdiyo, ma'aikata ce sosai. Akwai manyan zauruka inda ake gina fada ko ƙauye da katako, akwai kafintoci da teloli da makaɗa da marubuta, har da 'yan wasan kansu, kowa yana karɓar albashi a ƙarshen wata. Manyan gidaje uku ne suka yi fice: New Theatres a Kalkata, da Prabhat a Puna, da Bombay Talkies. Mai gida shi ke zaɓen labari, shi ke raba aiki, riba tasa ce, asara tasa ce. Darakta komai gwanintarsa ɗan albashi ne. Wannan shi ne matsayin Mahbub har wajen shekara bakwai bayan Al Hilal.

Da Sagar ta narke cikin wani sabon kamfani mai suna National Studios, a can ya yi finafinai biyu da suka nuna inda zuciyarsa take. Na farko shi ne Aurat, watau Mace, cikin 1940: labarin wata matar ƙauye da mijinta ya gudu ya bar ta da 'ya'ya da bashi. Sardar Akhtar ce ta fito a matsayin matar, ita ce kuma Mahbub ya aura cikin 1942. Na biyu shi ne Roti, watau Gurasa, cikin 1942, wanda ya kwatanta haɗamar attajirin birni da zaman mutanen daji da ba su san kuɗi ba. A ƙarshensa attajirin ya mutu da ƙishirwa a hamada, ga zinariyarsa jibge kusa da shi.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya birkita sana'ar. Ɗanyen fim, wanda daga waje ake kawo shi, ya yi wuya, har gwamnati ta ƙayyade tsawon kowane fim kada ya wuce ƙafa 11,000. A gefe guda kuma 'yan kasuwar da suka yi ƙazamar riba da kayan yaƙi suna neman inda za su ɓoye kuɗinsu, sai suka afka wa fim. Sukan kira shahararren ɗan wasa su ba shi a fim ɗaya abin da ya fi albashinsa na shekara. Taurari suka fara ficewa daga gidajen albashi, gidajen suka fara raurawa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mahbub ya ga lokaci ya yi da zai daina yi wa wani noma, ya kafa kamfaninsa, Mehboob Productions.

Tambarin da ya zaɓa wa kamfanin ya ba mutane mamaki. Lauje da guduma ne, irin alamar 'yan gurguzu, alhali shi ba ɗan jam'iyyarsu ba ne, mutum ne mai riƙo da addininsa. Kuma da tambarin ya bayyana a allo sai a ji wata murya tana tuna wa 'yan kallo ƙudurar Allah. Waɗannan abubuwa biyu, tausayin talaka mai aikin ƙarfi da miƙa wuya ga Mai Duka, su ne ke yawo cikin finafinansa daga farko har ƙarshe.

Fim na farko da ya fito da sunan kamfanin shi ne Najma, cikin 1943, labarin gidajen Musulmi. A wannan shekarar kuma ya yi Taqdeer, inda ya ɗauko wata yarinya 'yar shekara 14 ya ba ta matsayin tauraruwa. Ita ce Nargis. Cikin 1945 ya yi Humayun, kan sarkin nan na daular Mughal. Cikin 1946 ya yi Anmol Ghadi, ya haɗa mawaƙa uku a fim guda, Nur Jahan da Suraiya da Surendra, ya kuma ɗauko Naushad ya tsara kiɗan. Tun daga nan Naushad ne mai kiɗan gidan. A nan ake gane gwanin mai shirya fim: ba shi ke waƙa ba, ba shi ke ɗaukar hoto ba, amma ya san wa zai kira, ya kuma san yadda zai riƙe shi.

Cikin Agusta 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Fakistan, aka yi kashe-kashe masu ban tsoro, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Musulmi da dama cikin masu sana'ar fim suka ƙaura Lahor da Karachi, har da Nur Jahan. Mahbub ya tsaya a Bombai. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a wani gari lokacin da hankula suka tashi, yana auna ko ya kwashe iyali ya koma gida ko ya zauna kan dukiyar da ya tara, ya san nauyin wannan shawara. A ma'aikatarsa kuwa Musulmi da Hindu da Farisawa tare suke aiki. Shekara biyu bayan haka, cikin 1949, ya fitar da Andaz, fim guda tak da Dilip Kumar da Raj Kapur suka taɓa fitowa tare, ga Nargis a tsakaninsu. Ya kawo kuɗi ƙwarai.

Da kuɗin Andaz ya shiga abin da ya fi ƙarfin yawancin abokan sana'arsa, watau fim mai launi. A Indiya a lokacin babu wurin wanke irin wannan fim yadda ya kamata. Dabarar da suka yi da Faredun Irani ita ce su ɗauka a kan ƙaramin fim mai faɗin milimita 16, sa'an nan a kai Landan a faɗaɗa shi a buga da launin Technicolor. Haka aka yi Aan, wanda ya fito cikin 1952: Dilip Kumar ɗan ƙauye ne jarumi, Nadira gimbiya mai girman kai, Premnath mugun yarima, Nimmi kuma 'yar ƙauye mai suna Mangala. Ga sukuwa, ga wasan takobi, ga fada. An nuna shi a Landan, an kuma juya shi da Faransanci aka sa masa sunan Mangala, da wannan sunan ne ya zaga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Aan na cikin finafinan farko da suka nuna wa masu rarraba fim cewa kayan Bombai na iya sayuwa nesa da Indiya.

Daga nan ya cika burinsa. Ya sayi fili a unguwar Bandra, kusa da teku, ya gina Mehboob Studios, aka gama cikin 1954. Abin lura shi ne a daidai waɗannan shekaru tsofaffin gidajen ke rufewa: Prabhat ta tsaya cikin 1953, Bombay Talkies ta bi ta, New Theatres ma ta durƙushe. Shi ya san dalilin mutuwarsu, saboda haka bai tara taurari a kan albashi ba. Zaurukan da kayan aikin ya mallaka, yana yin nasa fim a ciki, in babu nasa ya ba wasu haya. A can Guru Dutt ya ɗauki Kaagaz Ke Phool na 1959. Sai dai a shekarar da aka buɗe gidan, fim ɗinsa Amar, duk da Dilip Kumar da Madhubala da Nimmi na ciki, bai yi kasuwa ba. Jama'a ba su so ganin jaruminsu ya ci zarafin yarinya ba.

Mutum mai sabon gini da sabuwar asara, da wani ne da sai ya nemi ƙaramin fim mai sauƙin kuɗi. Mahbub ya koma kan tsohon labarinsa na Aurat, ya ce zai sāke shi da launi, da faɗi, da ɗaruruwan manoma da shanu da gonaki na gaske. Sunan da ya ba shi ma da manufa. Cikin 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi mai suna Mother India tana aibata al'adun Indiyawa da matansu, abin ya daɗe yana yi musu ciwo. Shi ya ɗauki sunan nan ya ɗora wa macen da za ta zama abin alfahari.

Ga yadda labarin yake. Ranar auren Radha da Shamu, uwar ango ta ci bashin rupi 500 wurin Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, ta jinginar da gona. Da yake ba ta iya karatu ba, abin da aka rubuta a takarda ya saɓa da abin da aka faɗa mata, dattawan gari kuwa suka bi takarda: kashi uku cikin huɗu na amfanin gona na Sukhilala ne, kuma duk wannan ruwa ne kawai, uwar kuɗi na nan. Shamu ya je share wani fili mai duwatsu don ya ƙara noma, dutse ya murƙushe masa hannuwa biyu, kunya ta sa ya bar gida cikin dare bai sāke dawowa ba. Ambaliya ta ci gari, ta ci amfanin gona, Radha ta rasa ɗanta ƙarami. Sukhilala ya ce zai ba ta abinci in ta ba shi kanta, ta ƙi. Ta ja garma da kanta ta rene 'ya'ya biyu, Ramu mai haƙuri da Birju mai zafin zuciya. Birju ya girma da ƙiyayyar mai bashin, ya zama ɗan fashi, ya kashe shi, ya sace 'yarsa ranar aurenta. Radha ta riga ta yi alkawari ba za a keta mutuncin 'yar kowa a garin ba, ko da ta maƙiyinta ce. Ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta.

Aikin ya ci kuɗi fiye da yadda aka tsara, har ya zama cikin mafi tsada da aka taɓa yi a ƙasar zuwa lokacin. Ya kusa cin rai ma. A wurin ɗaukar gobarar tarin ciyawa, iska ta juya, wuta ta kewaye Nargis da gaske. Sunil Dutt, wanda ke fitowa a matsayin ɗanta Birju, ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Cikin Maris 1958 suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda 'yan kallon Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin.

Fim ɗin ya fito ran 25 ga Oktoba 1957 a silimar Liberty ta Bombai, tsawonsa kusan awa uku. Firayim Minista Nehru da Shugaban Ƙasa Rajendra Prasad sun kalle shi a Delhi. Ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin waɗanda ake zaɓa don kyautar Oscar ta finafinan harsunan waje a Amurka, cikin 1958, ko da yake wani fim na Federico Fellini ɗan Italiya ne ya ɗauka. A wannan shekarar Nargis ta ci kyautar gwanar 'yan wasa mata a bikin Karlovy Vary na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci.

Zuwansa ƙasar Hausa ta hannun 'yan kasuwa Kwarori ne, waɗanda ke da yawancin gidajen silima tun daga Rex da aka buɗe a Kano cikin 1937. Cikin shekarun 1950 suka fara shigo da finafinan Indiya saboda sun fi na Amurka araha, sai suka tarar jama'a sun fi son su. Ba a juya magana ba, ba kowa ke karanta rubutun da ke ƙasan allo ba, amma ba a bukaci tafinta ba. Manomin Awe ko na Lafiya ya san jinginar gona, ya san bashin da ake ci da bazara a biya da kaka ninki biyu, ya san abin da ruwa ke yi wa shinkafa in kogi ya cika ya batse. Matan Awe da suka gāji dafa gishiri, suna tace ƙasa suna tsaye kan wuta don su ciyar da gida, ba sa bukatar a yi musu bayanin Radha. Ga rawani, ga lulluɓi, ga kunya tsakanin mace da namiji, ga girmama iyaye. Wani masanin al'adu, Brian Larkin, da ya zauna Kano cikin shekarun 1990, ya tarar har lokacin in aka sa Mother India silima takan cika. Da finafinan Hausa na bidiyo suka taso bayan Turmin Danya na 1990, tsarin waƙa da rawa a tsakiyar labari daga wannan makaranta suka ɗauko shi.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mahbub ya ɗauki yaron da ya fito a matsayin Birju ƙarami, Sajid Khan, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya kuma shirya babban fim a kansa, Son of India. Ya kashe kuɗi mai yawa, ya yi shekaru yana aiki. Da ya fito cikin 1962 jama'a suka juya masa baya. Ga mai shirya fim da ke aiki da kuɗin aro, faɗuwar babban fim guda takan cinye ribar uku. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai ga mutumin da ya nuna wa duniya sharrin bashi shi ma yana kwana da shi. Gwamnati ta ba shi lambar girma ta Padma Shri cikin 1963, amma bai sāke fitar da wani fim ba.

Ran 27 ga Mayu 1964 Nehru ya rasu. Kashegari, ran 28 ga wata, ciwon zuciya ya ɗauke Mahbub Khan a Bombai yana da shekara 56. Ya bar wa iyalinsa bashi, ya kuma bar musu gini. Ginin ne ya tsaya: hayar zaurukan ta ci gaba da shigowa, aka yi ta ɗaukar manyan finafinai a ciki, ko gobarar da ta ci wani sashe cikin shekarar 2000 ba ta rufe shi ba. Cikin 2007, shekara ɗari da haihuwarsa, gidan waya na Indiya ya buga kan sarki da hotonsa.

Yawancin gidajen silimar da aka kalli finafinansa a ƙasar nan sun rufe, Pen Cinema ta Agege ma suna kawai ya rage. Mehboob Studios kuwa yana nan a Bandra ana aiki a cikinsa, shekara 70 da ɗoriya bayan da baƙon nan daga Bilimora ya buɗe ƙofarsa. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa, amin.